Dogon Bene da Haƙƙin Maƙwabci: Abin da Birnin Kudu da Gwaram Za Su Koya daga Kano

Duk lokacin da aka baza hoton wani katafaren bene da ake shirin ginawa a ɗaya daga cikin biranenmu, tambayoyi biyu ne ke fara fitowa daga bakin jama'a: hawa nawa ne, kuma nawa zai ci? Hoton kansa yakan zo fes, gilashi na walƙiya, motoci jere a gindinsa, itatuwa kore shar, sama babu ko ƙura. Abin da ba a sakawa a irin wannan hoto shi ne gidan da ke bayan benen, da lungun da ke gefensa, da rijiyar da unguwa ke sha. A tsohon gari na Hausa kuwa, waɗannan da aka cire daga hoton su ne ainihin maganar. Ni a ganina, dacewar dogon bene da tsohon gari ba ta rataya a kan kyan fuskarsa ba, ko yawan zankwayen da aka ɗora masa don ya yi kama da ginin gargajiya. Ma'auninta shi ne abin da ginin zai yi wa maƙwabcinsa. Idan kuwa aka auna da wannan ma'auni, za a tarar cewa wurin da ya dace da shi kusan kullum yana wajen tsohon gari ne, kuma lokacin da ya kamata a shata iyakar shi ne tun kafin mai kuɗi ya iso da takardarsa a hannu.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan Birnin Kudu da Gwaram da zancen bene mai hawa goma, alhali gine-ginensu mafi tsawo ba su wuce a ƙirga hawansu da yatsun hannu ɗaya ba? Amsar ita ce, wannan ne ma ya sa maganar ta zama tasu. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Birnin Kudu tana da mutane sama da dubu 300, ta Gwaram kuma sama da dubu 270, suna cikin mafi yawan jama'a a jihar Jigawa. Birnin Kudu na da babban asibitin tarayya da ke jawo marasa lafiya da ma'aikata daga nesa, tana da tsohuwar kwalejin gwamnati da ta yaye irin su Aliko Dangote, ga kuma babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil ta ratsa ta. Kasuwar Sara da ke ƙasar Gwaram tana tara fatake da manyan motoci kowane mako. Inda jama'a da hanya da kuɗi suka haɗu, farashin fili a tsakiyar gari sai ya hau, wanda ya sayi fili da tsada kuma sama yake kallo. Ba a farawa da hawa goma. Ana farawa da shaguna a ƙasa da ofis a sama, sai otal mai hawa uku, sai banki, sai wata hukuma ta ce tana son hedikwata da za a hango daga nesa. Kowane ɗaya yana zama hujjar na bayansa. Ranar da aka farga, babu sauran wanda zai iya hana na goma abin da aka bar wa na tara.

Kafin a fahimci abin da tsawo ke yi wa tsohon gari, sai an tuna yadda gidan Bahaushe yake aiki. Daga waje katanga ce da zaure. Baƙo namiji iyakarsa zaure, in ya matsa ƙwarai shigifa, kuma an karkata ƙofofin da gangan don kada idon mai wucewa ya zarce ciki. Bayan nan sai tsakar gida, wadda ita ce babban ɗakin gidan, ɗakin da rufinsa sama ne. A nan ake daka da tankaɗe da girki, a nan ake kitso da lalle, a nan ake shanya tufafi da kuɓewa da barkono, a nan mace ke soya ƙuli ko ƙosan da yara za su fita da shi talla, sanye da kayan da ba za ta fita da su ƙofar gida ba. Makewayi a gidaje da yawa ba shi da rufi. Da bazara, in ɗaki ya ƙi kwantuwa, iyali gaba ɗaya a tsakar gida suke shimfiɗa tabarma. Duk wannan rayuwa ta dogara ne a kan yarjejeniya guda da ba a rubuta ba: katangata ta fi idonka tsawo. To, a yi lissafi kaɗan. Mutumin da ke tsaye a tagar hawa na goma yana kusan mita 30 daga ƙasa. Idan akwai gida mai katangar mita 3 a nisan mita 50 daga gare shi, katangar ba ta ɓoye masa ƙasa sai ta kusan mita biyar da rabi daga gindinta, kuma kan mutumin da ke tsaye zai bayyana masa tun daga kusan mita uku. Sauran tsakar gidan a fili yake. A unguwa mai cunkoso, da'irar mita 50 ta ƙunshi gidaje masu yawa, kuma a yau kowane ma'aikaci da kowane baƙo da ya hau benen yana da kyamara a aljihunsa. Matar gidan ba ta sayar da komai ba, ba a nemi shawararta ba, amma an karɓe mata ɗaki mafi girma a gidanta.

Wannan ba sabon lamari ba ne da zamani ya zo da shi har muka rasa hukuncinsa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Sakkwato har Haɗeja, ta hana mutum ya yi abin da zai cutar da maƙwabcinsa, ta kuma ambaci buɗe taga da za ta leƙa gidan maƙwabci, da buɗe ƙofa daidai da ƙofarsa, da haƙan da zai yi masa lahani ko da a cikin mallakar mai haƙan ne. A ƙarni na 14 wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce na Malikiyya a littafi guda, har da batun ladanin da hasumiyarsa ke leƙa gidajen mutane. Akwai wani abu a nan da ya kamata a faɗa da gaskiya, domin masu adawa da dogon gini sukan tsallake shi: malaman Malikiyya ba su hana tsawo don kansa ba. Sanannen ra'ayi a mazhabar shi ne mutum na iya ɗaga gininsa ko da ya tare wa maƙwabci rana ko iska, matuƙar ba cutarwa ya nufa ba. Abin da suka tsananta a kai shi ne leƙe. Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai, don ya nuna cewa maganar ba ƙin sabon abu ba ce. Mai fili yana da haƙƙin ya yi gini, maƙwabci yana da haƙƙin sutura, kuma idan biyun suka yi karo, tsohuwar ƙa'idarmu ta ce a kawar da cutar.

Masu zanen gine-gine za su ce ai wannan yana da magani: a sa gilashin da ba a gani ta cikinsa, a ɗaga tagogi sama da kan mutum, a juya fuskar ginin ga titi. Gaskiya ne, kuma a bene mai hawa biyu ko uku wannan dabara tana aiki, har ma ya kamata ta zama sharaɗi. Amma ofis mai hawa goma yana bukatar haske da iska ta kowane gefe, musamman a ƙasar da wutar lantarki ke ɗaukewa a kowane lokaci. Ranar da na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, duk tagar da za ta buɗu sai an buɗe ta. Ga matakala, ga baranda, ga saman rufi inda ake hawa gyaran tanki da janareta. Sannan gini yana daɗewa fiye da alƙawarin mai shi. Zai sayar, ko magada su raba, sabon mai haya ya canza tagogi, kuma babu jami'in da zai zo bayan shekara ashirin ya duba ko gilashin hawa na takwas yana nan yadda aka amince.

Ido ba shi kaɗai ba ne. Lungun tsohon gari an yi shi ne don mai tafiya a ƙasa da jaki da amalanke, ya kuma karɓi babur da Keke Napep da ƙyar. Ofishin da ɗaruruwan mutane ke shiga kullum yana zuwa da motocinsa, da tankar man janareta, da tankar ruwa, da motar kwashe shara. Ko dai lungun ya toshe, ko kuma a ce za a faɗaɗa hanya, wato a rushe zauruka, kuma zaure shi ne abin da ke fara tafiya domin shi ne a baki. A haka aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a Kano a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata a madadinta. Batun ruwa ya fi wannan nauyi a kudancin Jigawa. Birnin Kudu da Gwaram suna zaune ne a kan dutse, ba kamar arewa maso gabashin jihar ba inda ƙasa ke da zurfin yashi mai riƙe ruwa. A irin wannan ƙasa ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutse na sama da kuma tsagogi, kuma yana da iyaka. Babban gini da ya haƙa burtsatse mai zurfi ya sa mata injin mai ƙarfi yana iya janye ruwan rijiyoyin da ke kewaye, masu guga su yi ta ƙara igiya har su gaji. Ruwan da ya shiga kuma sai ya fita, ga shi an shafe harabar da siminti, ruwan sama ba shi da wurin nutsewa sai kwatar da aka yi don gidaje ƙalilan. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun ga abin da toshe hanyar ruwa da gini ke jawowa a watan Agusta na 2022, lokacin da ambaliya ta shiga shaguna ta lalata atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi. Sai kuma gobara, Allah ya kiyaye: motar 'yan kwana-kwana da ba ta iya shiga lungu ba, tsaninta kuma bai kai hawa na goma ba, ba za ta ceci na sama ba, ba kuma za ta ceci na ƙasa da tartsatsi ke zubo wa ba.

Kano ta riga kowa shiga wannan jarrabawa, kuma sakamakonta kashi biyu ne. Ganuwar birnin, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a zamaninsa (1463 zuwa 1499), ta kewaye Dala da Gwauron Dutse da kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. Da Turawa suka ci garin a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai suka kafa unguwarsu da kantunansu da ofisoshinsu a waje, ta Nassarawa da wajen tashar jirgi. Dalilinsu wariya ce da kuma sauƙin mulki, ba ƙaunar tsohon birni ba, kuma sun bar cikin gari a baya wajen magudanan ruwa da tituna. Duk da haka, abin da ya biyo baya shi ne manyan benayen da aka gina bayan samun 'yancin kai, irin su ginin Bankin Arewa da Gidan Murtala da sakatariyar Audu Baƙo, sun tashi ne a wajen ganuwa. Ko Gidan Ado Bayero, da ya matso sosai, a bakin Ƙofar Nassarawa ya tsaya. Shi ya sa har yau wanda ya hau Dala zai ga birnin a shimfiɗe, koren ƙubbar babban masallaci da hasumiyoyinsa suna bayyane. Wannan shi ne kashin da aka ci. Kashin da aka faɗi shi ne ita ganuwar kanta da filayen da ke jikinta. An sa ta cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su tun 2007, amma aka ci gaba da ɗibar ƙasarta, ana yanka fulotai a jikinta, ana cike kududdufai ana gini a kansu, har ya zama a wurare da yawa sai an nuna maka inda take a da.

Abin da ya faru a 2023 ya isa darasi ga duk wanda ke ganin za a iya barin wannan magana sai ta taso. A zamanin gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje an ba da izinin gina shaguna da benaye a wurare irin su kewayen Filin Idi na Ƙofar Mata da jikin ganuwa ta hanyar Jami'ar Bayero (BUK). Da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta hau a ƙarshen watan Mayu, cikin kwanaki kaɗan aka shiga rusau, bisa hujjar cewa filayen na al'umma ne. Masu shagunan Filin Idi suka kai ƙara, babbar kotun tarayya ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya a siyasa, lissafin ɗaya ne: ɗan kasuwa ya yi asarar gininsa, baitulmali ya biya diyya, ganuwar da aka riga aka baje kuma rusau bai tayar da ita ba. Da a ce akwai iyakar da doka ta shata tun farko, wadda kowa ya sani kuma babu gwamnan da zai iya matsar da ita da sa hannu guda, da ba a ba da izinin ba, da kuma ba a kai ga rushewa ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Hujja mafi ƙarfi da masu son dogon bene ke kawowa ita ce ta ci gaba: gini yana kawo aiki, yana jawo masu zuba jari, yana ɗaga darajar gari, kuma matasan da ba su da aikin yi ba za su ci tarihi ba. Ban raina wannan magana ba, domin talauci a Jigawa ba abin wasa ba ne. Amma a lura, duk alherin da aka lissafa yana nan daram idan aka matsar da ginin kilomita ɗaya ko biyu zuwa bakin babbar hanya. Birkila da kafinta da mai walda za su samu aikinsu, banki zai samu ofishinsa, har ma da wurin ajiye motoci da ba zai taɓa samu a tsakiyar gari ba. Sannan tsawo da kansa ba arziki ba ne. A Legas ko Landan ana hawa sama ne domin fili ya yi tsadar da ta fi kuɗin ƙarin rodi da kankare da lif. A garin da fili ke akwai, kowane hawa da aka ƙara sama da na huɗu ƙarin ɗawainiya ce ta har abada: lif da ke bukatar wuta ba yankewa, injin tura ruwa sama, janareta da man da zai sha. Najeriya cike take da shaidar abin da ke faruwa idan aka kasa ɗaukar wannan ɗawainiya. Independence House mai hawa 25 a Legas ya daɗe a yashe bayan gobarar 1993. Gidan Ado Bayero da aka gina don ofisoshi, a ƙarshe Jami'ar Northwest da aka kafa a 2012 ce ta mai da shi mazauninta na wucin gadi. Idan Kano da duk kasuwancinta ba ta cika neman ofis a hawa na goma ba, yana da kyau ƙaramin gari ya yi tunani sau biyu.

Akwai wata hujjar da ta fi taɓa zuciya. Mazauna tsohon gari da kansu sukan ce, ku masu zama a gidan siminti da fanka, don me kuke son mu dawwama a ginin ƙasa da ke zubewa kowace damina? Suna da gaskiya. Duk shekara ruwan sama yana rushe gidajen ƙasa a Jigawa, wani lokaci da rayuka a ciki, kuma yaɓe da gyaran indararo da sauya azara aiki ne mai cin kuɗi da ƙarfi. Babu wanda ke da ikon hana talaka ya sa bulo da kwano. Sai dai abin da nake cewa a kare ba tubalin ba ne. 'Yan gine-gine ƙalilan ne suka cancanci a riƙe su da ƙasarsu da makubarsu, kamar tsohon masallaci ko gidan sarauta ko ƙofa, kuma nauyin gyaransu na hukuma ne. Ga sauran gari, abin karewa shi ne tsarin: zaure a gaba, tsakar gida a rufe daga ido, lungu da ya san masu shi, masallacin unguwa da ake isa da ƙafa, fili a ƙofar fada. Gidan bulo mai hawa biyu zai iya riƙe duk wannan. Bene mai hawa goma a tsakiya kuwa yana rusa shi ko da bai taɓa katangar kowa ba, kuma wanda zai fara tashi shi ne mai ƙaramin ƙarfi, wanda gidansa ya daina zaunuwa, ya sayar da araha ya koma bayan gari. Amma akwai sharaɗi da dole a cika, in ba haka ba mun maimaita abin da Turawa suka yi: kada a ce sabon gini ya tafi waje, sannan ruwan famfo da kwalta da fitila su bi shi su bar tsohon gari cikin duhu. Wani kaso na harajin fili da kuɗin izinin gini da sabuwar unguwa ke kawowa ya kamata a ɗaure shi ga magudanan ruwa da famfunan tsohuwar.

Wasu kuma za su ce ai mu ma mun gaji tsawo: ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga ta babban masallacin Agadas mai kusan mita 27, wadda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16, ga soraye masu bene a Kano da Zariya. Haka ne. Amma abin da ya fi komai tsawo a waɗannan garuruwa na kowa ne, yana kira zuwa ga abin da gari ya taru a kai, kuma mutum ɗaya ko biyu ne ke hawansa. Tsawo magana ce da gari ke yi game da abin da ya fi girmamawa. Alhazanmu sun ga dogon ginin agogo na Makka mai mita 601, wanda aka kammala a 2012 a wurin da aka rushe tsohuwar ganuwar Ajyad a 2002. Hujjar masaukin miliyoyin mahajjata hujja ce ta gaske, duk da haka Musulmi da yawa har yau suna jin nauyin ganin gini ya yi wa Harami rumfa haka. Paris ta gina benen Montparnasse mai mita 210 a 1973, mutanen birnin suka ƙi shi har aka kafa dokar taƙaita tsawon sababbin gine-gine zuwa mita 37 a 1977, manyan ofisoshi suka tattara a La Défense da ke gefen birnin. Liverpool ta Ingila kuwa ta rasa matsayinta a jerin UNESCO a 2021 saboda sababbin gine-ginen bakin ruwanta. Waɗannan ba garuruwan da ke gudun zamani ba ne.

Ba sai an je Faransa ba ma. Da aka ƙirƙiri jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991 aka mai da Dutse babban birni, ofisoshin gwamnati ba su hau Garu ba, inda tsohuwar fada take a tsakanin duwatsu. Sun bazu ne a fili, kuma sabuwar sakatariyar da aka gina a zamanin Gwamna Sule Lamido (2007 zuwa 2015) ta samu sararin da take bukata ba tare da an taɓa tsohon gari ba. Gwaram ma ta san wannan tsari a jikinta, tunda akwai Gwaram Tsohuwa akwai Sabuwa. Gaskiya ne bazuwa tana cin gona, kuma a ƙasar manoma wannan asara ce da ba za a yi wasa da ita ba. Maganinta shi ne a gina sabuwar unguwar a matse, benaye masu hawa uku ko huɗu a jere a bakin titi, shago a ƙasa, ofis ko gida a sama, waɗanda ake hawa da ƙafa ko babu wuta. Irin wannan jeri yana ɗaukar mutane da yawa a ƙaramin fili, ya fi dogon bene guda da aka kewaye da filin motoci.

Birnin Kudu tana da wani abu na daban da ya sa batunta ya fi na sauran garuruwa laushi. Abin da ya fi komai tsawo a garin duwatsunta ne, kuma a jikin wasunsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu da mutanen zamanin da suka yi, har da shanu marasa tozo waɗanda ba su ne ake kiwo a yankin yanzu ba. Wani masani, Bernard Fagg, ya yi nazarinsu a shekarun 1950, tare da duwatsun nan da ke amo kamar ƙararrawa in an buga su, kuma suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Haɗarin da gini ke yi musu ta hanya biyu yake zuwa. Na farko, gidaje da shaguna su matso har su rufe hanyar isa gare su, su tare ganinsu. Na biyu ya fi muni: kankare yana cin tsakuwa, tsakuwa kuma daga dutse ake fasa ta, mai fasa dutse kuwa wanda ya fi kusa yake nema. Doka ta kare fuskar da zanen yake, amma girgizar nakiya da ƙura da hayaƙin tayar da ake ƙonawa don tsaga dutse ba su san iyakar allon sanarwa ba. Duk tsarin da zai kare tsohon garin Birnin Kudu dole ya haɗa da faɗin fili a kewayen waɗannan duwatsu, inda ba gini mai tsawo, ba fasa dutse.

Kayan aikin yin haka suna nan a doka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi hukumomin tsarawa har zuwa matakin ƙaramar hukuma, jihar kuma tana da hukumar raya birane. Abin da ya rage shi ne a zauna da hakimi da dagatai da masu unguwanni da limamai da 'yan kasuwa, a bi gari da ƙafa, a shata inda tsohon gari ya tsaya, a sa shi a taswira, majalisar dokokin jiha ta mai da shi doka. A cikin iyakar, kada gini ya wuce hawa biyu, ko uku a bakin babban titi, kuma kada tagar sama ta kalli tsakar gidan kowa. Kafin a ba da izinin duk wani bene, a liƙa sanarwa a wurin da Hausa, da boko da ajami, a ba maƙwabta wa'adin kawo ƙorafi, mai ginin kuma ya nuna a rubuce inda zai samo ruwa da inda zai zubar da shi. Wajen jin ƙorafin nan, a nemi hanyar da muryar matan gida za ta iso, ta bakin ungozoma ko malamar Islamiyya ko ƙungiyoyinsu, domin zaman da aka yi a ƙofar fada da maza zalla zai iya amincewa da tagar da ba su ne za su zauna a ƙarƙashinta ba.